DARASI A KAN ZUB DA CIKI: MAGANAR ALLAH DA DOKAR ƘASA

Darasinmu na wannan wata a kan wata magana ce wadda ba mu saba faɗinta a gaban jama'a ba. Mu mutane ne masu kunya. Mace takan kai wata biyar da ciki ba ta furta wa ko uwar mijinta ba, balle a zo ga zancen zub da shi. Amma abin da baki ya ƙi faɗi yana nan yana cin 'ya'yanmu a ɓoye. Domin wannan tilas ne mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu duba shi da tsoron Allah.

A wata ekklesiya inda na yi aiki shekarun baya, 'yan mata biyu na ƙungiyar mawaƙa suka yi ciki ba aure cikin shekara guda. Ta fari ta bar nata. Da ya fito fili dattawa suka zauna, ni ma ina cikinsu, muka sa ta ƙarƙashin horo. Muka tsayar da ita a gaban jama'a, muka hana ta jibin Ubangiji, muka komar da ita benci na baya. Saurayin da ya yi mata cikin ya tafi birni abinsa, ba wanda ya kira shi. Ta biyu tana kallon duk abin da ya sami ƙawarta. Ba mu san kome game da ita ba, sai wani dare uwarta ta buga mini ƙofa tana kuka, ta ce, "Baba Pasto, ka taimake ni, yarinyar nan jini ya ƙi tsayawa. Ni da kaina na kai ta wurin mai magani, don kada a tsayar da ita a gaban mutane kamar 'yar wance." Muka ɗauke ta zuwa asibiti, Allah ya ji tausayinmu ta rayu, amma ɗan ya riga ya tafi. Da abin ya tafi yadda uwar ta shirya, da ran Lahadi yarinyar tana gaba tana waƙa, wadda ta ji tausayin ɗanta kuwa tana can baya kanta a sunkuye. Tun daren nan na ke tambayar kaina: wane darasi ne muka koya wa 'yan matan ekklesiyar nan ba da saninmu ba?

ƁARI DABAM, ZUB DA CIKI DABAM

Da fari bari mu raba abu biyu waɗanda mutane su kan gama. Ɓari shi ne ciki ya fita da kansa, ba da nufin kowa ba. Likitoci sun ce cikin kowane ciki goma da aka san da zamansa, ɗaya ko biyu su kan ɓare haka nan. Wannan ba zunubi ba ne. Macen da ta yi ɓari ta'aziyya ta ke bukata, kada kowa ya ƙara mata nauyi da zargi. Zub da ciki kuwa shi ne a kashe tayin da gangan, ko da saiwa, ko da ƙwaya, ko da ƙarfe. A kan wannan ne darasinmu.

Sau da yawa a kan ce, "Ai gudan jini ne kawai, bai zama mutum ba tukuna." To, ga abin da masu ilimin jiki suka gani. Kamar kwana 22 bayan shigar ciki zuciyar tayi ta kan soma bugawa, tun mata da yawa ba su tabbata suna da ciki ba. Bayan mako 8 tsawonsa bai wuce inci guda da kaɗan ba, amma yana da hannuwa da ƙafafu da yatsu. Uwa ba ta jin motsinsa sai wajen wata na huɗu ko na biyar, amma ya daɗe yana motsi kafin ta ji. Daga ranar farko har ranar haihuwa ba wata rana da za a nuna a ce jiya wani abu ne dabam, yau ya zama mutum. Shi ɗin ne dai ya ke girma, kamar yadda jariri ya ke girma ya zama yaro, yaro ya zama magidanci.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA

Ba za ka sami ayar da ta ambaci zub da ciki da sunansa ba. Amma za ka sami harsashi wanda ba ya motsi. Farawa 1:27 ta koya mana an halicci mutum cikin surar Allah, Farawa 9:6 kuma ta ce saboda wannan sura ne aka hana zub da jinin mutum. Doka ta shida cikin Fitowa 20:13 ta hana kisankai. Abin tambaya shi ne, wanda ke cikin mahaifa yana cikin waɗanda wannan doka ta tsare?

Ka buɗe Zabura 139:13-16. Dauda yana yabon Allah domin ya harhaɗa shi a cikin uwarsa, ya gan shi tun gaɓoɓinsa ba su cika ba, ya kuma rubuta kwanakinsa tun ba a yi ko ɗaya daga cikinsu ba. Dauda bai ce Allah ya ga wani abu wanda daga baya ya zama Dauda ba. Kansa ya ke nufi. Cikin Irmiya 1:5 Allah ya gaya wa annabi ya san shi, ya keɓe shi, tun bai fito daga ciki ba. Ayuba kuma, cikin 31:15, ya ce dalilin da ya sa ba ya iya zaluntar bawansa shi ne, Mahalicci ɗaya ne ya siffata su duka biyu a cikin mahaifa. Watau darajar mutum tun daga can ta soma, ba ta kuwa bambanta ɗan sarki da ɗan bawa ba.

Cikin Sabon Alkawari ka duba Luka 1:39-45. Alisabatu tana wata na shida, Maryamu kuwa ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba. Da Maryamu ta yi gaisuwa, Yohanna ya yi motsi don murna a cikin uwarsa, Alisabatu kuma ta kira Maryamu uwar Ubangijinta tun ba a ga alamar ciki a jikinta ba. Luka likita ne, kalmar Helenanci kuwa da ya kira Yohanna da ita yana cikin ciki, ita ce ya kira Yesu da ita yana kwance a sakarkari cikin sura 2. A wurinsa jariri jariri ne, ko an haife shi ko ba a haife shi ba tukuna. Ku tuna kuma, Ɗan Allah bai sauko duniya babban mutum ba. Ta wannan hanya ya bi, ya zauna wata tara a cikin mace.

AYA MAI WUYA

Gaskiya ta sa in ambaci Fitowa 21:22-25, gama masu gardama su kan kawo ta. Mutum biyu suna faɗa, suka bugi mace mai ciki har ɗan ya fita. Idan ba wata ɓarna sai a biya tara, idan kuwa da ɓarna sai a yi sakayya, har rai maimakon rai. Waɗansu malamai sun ce ɓari a ke nufi, tun da tara kaɗai aka sa, ashe tayi bai kai darajar uwa ba. Waɗansu sun ce abin da Ibrananci ya faɗa shi ne 'ya'yanta sun fito, watau haihuwa ce kafin lokaci, ɓarnar da a ke magana kuwa ta shafi uwa da ɗa duka. Yahudawan da suka juya Attaura zuwa Helenanci a Iskandariya kafin zuwan Kristi sun fahimce ta wata hanya ta uku: sun bambanta tayin da ya siffatu da wanda bai siffatu ba.

Ko wace fassara mutum ya bi, abu ɗaya a fili ya ke. Wannan tsautsayi ne, ba wanda ya nufi ɗan da mugunta, duk da haka shari'ar Musa ba ta bar abin ya wuce haka nan ba. Idan aka hukunta wanda ya yi bisa kuskure, ƙaƙa za a ce ayar ta ba da izni ga wanda ya yi da gangan?

ABIN DA EKKLESIYA TA RIƘE TUN FARKO

A zamanin manzanni dokar Roma ba ta hana zub da ciki ba. Har jaririn da aka haifa, idan uba ba ya so, a kan yar da shi a bakin gari. Cikin irin wannan duniya ne masu bi na fari suka tsaya dabam. Wani ɗan littafin koyarwa da a ke kira Didake, wanda aka rubuta wajen shekara ta 100, ya lissafta zub da ciki da kashe jariri cikin ayyukan da mai bi ba zai yi ba. Tartuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya rubuta wajen shekara ta 197 cewa hana haihuwar wanda aka riga aka ɗauki cikinsa kisa ne da aka gaggauta. Masu bin nan ba su jira sarki ya kafa doka ba. An san su da tsintar jariran da aka yar suna reno.

Amma ku lura da jinƙansu kuma. A dā a kan hana macen da ta zub da ciki jibin Ubangiji har ranar mutuwarta. Taron shugabannin ekklesiya da aka yi a Ankara a shekara ta 314 ya ga wannan ya yi tsanani, ya mai da shi shekara 10. Basil, shugaban ekklesiyar Kaisariya, ya rubuta a shekara ta 374 cewa wanda ya ba da maganin shi ma mai kisankai ne, ya kuma ce a auna tuba bisa ga gaskiyarta, kada a tsaya ga ƙidayar shekaru kaɗai. Agustin ya yi ta tunani a kan ko yaushe ne rai ya ke shiga tayi, amma bai taɓa cewa zub da ciki halal ne ba. Kalbin, a zamanin gyaran ekklesiya, ya kwatanta shi da kashe mutum a cikin ɗakinsa, wurin da ya kamata ya fi samun tsaro. A zamaninmu waɗansu ekklesiyoyi na Turai da Amurka sun sassauta, amma Katolika, da Otodoks, da yawancin ekklesiyoyin bishara suna nan kan tsohuwar koyarwa. Maƙwabtanmu Musulmi ma, malamansu na mazhabar Malikiyya suna cikin waɗanda suka fi tsananta hani a kan wannan abu.

DOKOKIN ƘASASHE

A Arewacin Nijeriya dokar Final Kod ce ta yi maganar. An kafa ta a 1959, ta soma aiki a 1960, jihohin Arewa kuma suka gaje ta. Sashi na 232 ya ce wanda ya sa mace ta zub da ciki da gangan za a iya ɗaure shi har shekara 14, ko a ci shi tara, ko duka biyu, sai dai idan ya yi shi da kyakkyawar niyya domin ceton ran macen. Macen da ta yi wa kanta ita ma tana ciki. A Kudu littafin dokokin laifuffuka na 1916 ya sa shekara 14 ga mai zub da cikin, shekara 7 ga macen, shekara 3 ga wanda ya ba da magani ko kayan aiki, sashi na 297 kuma ya kāre likitan da ya yi aiki domin ceton ran uwa. A 1981 aka kai wa majalisar tarayya shirin dokar da za ta sassauta, amma bai sami shiga ba.

Dokar Kudu daga Ingila ta samo asali, gama a can dokar 1861 ta sa ɗaurin rai da rai a kan wannan laifi. A 1938 wani likita a London, Aleck Bourne, ya cire cikin wata yarinya 'yar shekara 14 wadda sojoji suka yi wa fyaɗe, ya kuwa sanar da 'yan sanda da kansa. Joji ya ce idan cikin zai ragargaza lafiyar mace, ta jiki ko ta hankali, to, cire shi yana cikin ceton rai. Aka sallami likitan. Daga wannan 'yar ƙofa aka yi ta faɗaɗawa har 1967, sa'anda majalisar Ingila ta yarda a zub da ciki idan likitoci biyu sun sa hannu. Abin mamaki, shi Bourne da kansa yana cikin waɗanda suka yi gāba da sabuwar dokar, gama ya ga an wuce inda ya nufa. A 1990 aka sa iyaka a mako 24 ga yawancin dalilai.

A Amurka babbar kotun ƙasa ta yanke a 1973 cewa zub da ciki hakkin mace ne. A 2022, bayan shekara 49, ita wannan kotu ta rushe hukuncinta, ta mayar wa kowace jiha ikon yin tata doka, har ya zama abin da ke laifi a wata jiha halal ne a maƙwabciyarta. Faransa ta halatta a 1975, ta kuma sa shi cikin tsarin mulkinta a 2024. Kusa da mu, Gana ta yarda a 1985 idan fyaɗe ne, ko cikin na muharrami ne, ko lafiyar uwa tana cikin hatsari, ko ɗan yana da mummunar naƙasa. Dokar Nijar ta 2006 ta yarda idan cikin zai taɓa ran uwa ko lafiyarta, ko an ga ɗan yana da cuta mai tsanani. Ƙasar Benin ta buɗe ƙofa a 2021 har mako 12, ko da dalilin matsin rayuwa ne.

INDA DOKA TA TSAYA

Mai karatu, ka ga yadda doka ta ke. Ka ƙetare iyaka da tafiyar yini guda, ta sake. Ka jira shekara 50, ta sake. Amma ɗan da ke cikin mace a Kano da wanda ke cikin mace a Kwatano halitta ɗaya ce. Romawa 13 ta umurce mu mu yi biyayya ga mahukunta, muna kuwa gode wa Allah da dokar ƙasarmu ta san darajar tayi. Ya kamata mu faɗi ra'ayinmu da ladabi duk sa'anda a ke shawarar sake ta. Duk da haka ba majalisa ce ta ba ɗan adam daraja ba, ba ta kuwa iya karɓe ta. Idan gobe aka halatta, mai bi yana nan inda ya ke. Ungozomomin Ibraniyawa, Shifra da Fu'a, cikin Fitowa sura 1, sun ƙi umurnin Fir'auna na kashe jarirai domin suna tsoron Allah, Allah kuma ya sāka musu da alheri. Wannan magana ce ga likitocinmu, da nas-nas, da ungozomomi, da masu kemis.

Ga wani gefen kuma, wanda ya fi damuna. Dokarmu ta hana, amma ta tsayar da abin? Masu bincike na Jami'ar Ibadan tare da cibiyar Guttmacher ta Amurka sun kimanta cewa a shekarar 2012 an zub da ciki wajen 1,250,000 a Nijeriya, watau fiye da 3,000 kowace rana. Mata wajen 212,000 aka yi wa jiyya a asibiti a shekarar saboda lahanin da suka samu. Doka tana iya hukunta hannu idan an kama shi, amma ba ta iya shiga ɗakin da yarinya ta ke kuka da tsakar dare. Ba ta biya kuɗin makaranta, ba ta rarrashin uba mai fushi, ba ta sayen madara. Wanda ya ce tun da doka ta hana aikinmu ya ƙare, ruɗin kansa ya ke yi. Inda doka ta tsaya, nan aikin Ekklesiya ya soma.

MAGANGANU MASU NAUYI

Akwai lokacin da ciki ya kan zama ajalin uwa. Wani lokaci ya kan zauna a bututun da ke wajen mahaifa, inda ba shi da hanyar girma, idan kuwa aka bar shi sai wurin ya fashe, uwa ta mutu tare da shi. Haka kuma jijjiga mai tsanani, da zubar jini wanda ya ƙi tsayawa. A nan likita yana ceton ran da za a iya ceta ne, ba ya nufin ɗan da mugunta. Dokar ƙasa ta yarda, lamirin mai bi ma ba ya kāshe shi. Maigida, idan likita ya gaya maka haka, kada ka ɓata lokaci kana cewa rashin bangaskiya ne. Ran matarka ma cikin surar Allah aka yi shi.

Fyaɗe kuwa, musamman a wuraren da 'yan bindiga suka kwashi mata, wannan ciwo ne wanda bakin namiji bai isa ya kwatanta ba. Abin da na gaskata shi ne, ɗan bai yi laifi ba, bai kamata ya mutu saboda zunubin ubansa ba. Amma ba ni da ikon faɗin wannan ga yarinyar da aka zalunta sai na shirya in ɗauki kayan tare da ita: a kai ta asibiti nan da nan, a nemi hakkinta a gaban shari'a, a rufa mata asiri, a sami gidan da zai reni ɗan idan ba ta iya ba. Ita ba ta yi zunubi ba, ba ta da abin tuba, kada kuwa a kuskura a sa ta horo.

Kada mu ɗauka 'yan mata kaɗai abin ya shafa. Matan aure da yawa su kan zub da ciki don gudun gorin kwanika, ko domin maigida ya ce ba shi da halin ƙarin baki. Wannan magana ce ta miji da mata, su zauna tun da wuri su shirya tazarar haihuwarsu da shawarar asibiti, kada su jira sai rai ya riga ya samu.

DAUDA DA YAHUDA

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin ciki biyu na kunya, a cikin duka biyu kuwa namiji ne Allah ya nuna da yatsa. Cikin 2 Samu'ila 11 Bath-sheba ta aika wa Dauda tana da ciki. Maimakon ya tuba sai ya shiga neman rufewa. Ya kira Uriya daga yaƙi, ya sa shi ya bugu, da dabara ta ƙi sai ya sa aka kashe shi. Zina ta haifi ƙarya, ƙarya ta haifi jini. Haka ya ke har yau: an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Sa'anda annabi Natan ya zo, wurin sarki ya nufa.

Cikin Farawa 38 aka gaya wa Yahuda surukarsa Tamar ta yi ciki. Nan take ya ce a fito da ita a ƙone ta. Sai ta fito da hatiminsa da sandansa, ashe cikin nasa ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da an ƙone Tamar da an ƙone Feresa a cikinta, shi kuwa yana cikin kakannin Ubangijinmu, kamar yadda Matta 1:3 ta nuna.

Ya ku maza, wane ne ya kan miƙa kuɗin ya ce, "Je ki ki san yadda za ki yi da shi"? Wane ne ya kan ce ba nasa ba ne? Ya ku iyaye, wane ne ya kan ce, "Idan kika jawo mini abin kunya ba ni ba ke"? Hannun da ya biya da bakin da ya tsorata suna da rabo cikin jinin.

ABIN DA ZA MU YI

Ba na cewa a daina horo, gama fasikanci zunubi ne, ekklesiyar da ba ta tsautawa kuwa ta bar aikinta. Amma manufar horo ita ce a komo da mai laifi, kamar yadda Galatiyawa 6:1 ta koya, da ruhun tawali'u. Ga shawarata ga dattawa.

Na ɗaya, a bambanta zunubin da cikin. Abin da ya kawo cikin shi ne abin tuba, ɗan kuwa kyautar Allah ne. A yi masa suna da addu'a kamar kowane ɗa, kada a ji kalmar shege a bakin mai bi.

Na biyu, a kira namijin. Idan ɗan ekklesiya ne, horo ɗaya da nata, a kuma sa shi ya ɗauki nauyin ci da sha da asibiti.

Na uku, a yi tsautawa a gaban dattawa kaɗan da matan kirki, yadda yarinyar da ta zo ta faɗi gaskiya za ta fita da sauƙin zuciya fiye da wadda ta ɓoye.

Na huɗu, Zumuntar Mata ta keɓe dattijai mata biyu ko uku masu riƙe asiri, waɗanda kowace yarinya ta san tana iya zuwa wurinsu ko da tsakar dare. A ware wani abu daga baiko domin awo da haihuwa, a kuma taimaki yarinyar ta koma makaranta bayan yaye. Yaƙub 2:15-16 ta gargaɗe mu a kan sallamar mabukaci da fatan alheri hannu wofi.

Na biyar, iyaye su faɗa wa 'ya'yansu tun kafin wani abu ya faru: "Ko me ya same ki, gidan nan gidanki ne, ki fara zuwa wurina." Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar.

Na shida, idan kuka ga mace tana zubar jini ko zazzaɓi bayan zub da ciki, ku kai ta asibiti a take. Doka ba ta hana yi mata jiyya ba. Tambaya ta jira sai ta warke.

GA WADDA TA RIGA TA YI

Wataƙila ke da ki ke karanta wannan kin daɗe da wannan kaya a zuciyarki, ba wanda ya sani sai ke da Allah. Ko kuwa kai ne ka biya, ko ke ce uwar da ta kai. Ba zan ce muku ƙaramin abu ne ba, gama lamirinku ya riga ya faɗa muku gaskiya. Amma Dauda mai jinin Uriya a hannunsa ya yi addu'ar Zabura 51, aka gafarta masa. Bulus wanda ya yarda da kisan Istifanus ya zama manzo. 1 Yohanna 1:9 ta yi alkawarin gafara da tsarkakewa ga duk wanda ya furta zunubinsa, ba ta kuwa ware wannan zunubi ba. Jinin Yesu Kristi ya isa. Ku zo gareshi yau, ku nemi wani amintaccen mai bi ku yi addu'a tare.

Yarinyar nan da muka komar benci na baya ta haifi ɗa namiji. Bayan shekaru na je na roƙi gafararta, domin mun hukunta ta ita kaɗai, ba mu kuwa taimake ta da ko sabulu ba. Yaron ya girma, ya yi baftisma, yana karanta Littafi Mai Tsarki a gaban jama'ar da ta taɓa kawar da kai daga uwarsa.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Mene ne bambancin ɓari da zub da ciki?
2. Me Zabura 139 da Luka 1 suka koya mana a kan wanda ke cikin mahaifa?
3. Idan dokar ƙasa ta halatta abin da Allah ya hana, ina mai bi zai tsaya?
4. A ekklesiyarku, wa ya fi shan kunya, wadda ta bar cikinta ko wadda ta ɓoye? Me za ku gyara?
5. Idan yarinya ta shiga wannan hali a garinku yau da dare, ƙofar wa za ta buga?

Ya Ubangiji Allah, kai da ka siffata mu a ɓoye, ka gafarta mana jinin da aka zubar saboda tsoronmu da taurin zuciyarmu. Ka ba mu ƙarfin hali mu faɗi gaskiya, ka ba mu hannu mai taimako, domin uwa da ɗa su sami mafaka a cikin jama'arka. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.